Kawu da Cajen Bakin Ƙofa

Mutuwar Kawu ta tara mutane iri biyu a unguwar Rikkos ta Jos, kuma kowane iri yana kallon ɗayan kamar ya ɓata hanya ya faɗo makokin da ba nasa ba. Akwai waɗanda suka san shi a 'yan shekarunsa na ƙarshe. Su ne ke shigowa suna share hawaye suna cewa an yi rashin mutum mai kawar da kai, wanda bai iya zargin kowa ba. Akwai kuma tsofaffin da suka san shi tun yana tura burodi a kan keke. Su in sun ji wannan yabo sai su sunkuyar da kai su ƙara wa carbi sauri, don ba a ƙaryata mai yabon mamaci, amma kuma ba a tilasta wa tsoho ya gyaɗa kai a kan abin da ya san ba haka yake ba.

Ni ina cikin gida tare da mata, kusa da Hajiya, matar Kawu. Wata maƙwabciya ta durƙusa gabanta ta ce, "Hajiya, sai haƙuri. Alhaji dai tun da Allah ya halicce shi bai san zato ba." Na ji Hajiya ta damƙe mini hannu a ƙarƙashin mayafi har farcenta ya shiga. Da matar ta fita, ta juyo da jajayen idanu ta ce mini a hankali, "Ke, wa ake nufi? Mutumin da ke leƙa tukunyata ya ga ko nama ya ragu?" Muka yi dariyar da ba ta da sauti, daga nan ta koma kukanta.

Da hantsi ya ɗaga sai ga ma'aikatan gidan burodinsa sun iso a tare, maza a gaba, mata a baya da jakunkunansu a hammata. Rabinsu Kiristoci ne daga Anguwan Rukuba. A shekarun nan kuwa, bayan rikicin da garin ya gani, ba ka shiga unguwar da ba taka ba cikin ayari ba a raka ka da ido ba. Samarin layi suka miƙe daga kan benci. A tsakar gida aka fara raɗa. Wata ta ce, "Gaisuwa suka zo, ko aikinsu suka zo tsarewa?" Wata ta ce, "Ni jakunkunan nan ne ban gane musu ba." Ni kaina da na yi shekaru ina ƙulla burodi a leda kafaɗa da kafaɗa da matan nan, sai da idona ya sauka a kan jakunkunan ya daɗe. Halin gidanmu ne, a nono muka sha shi. Shugabar masu leda, wadda kowa ke kira Mama, ta gaida Hajiya, sannan ta juye jakarta a gaban masu girki. Dankali ne da kabeji.

Kafin a naɗe tabarmi a ranar, babban ɗan Kawu ya aiko a kira ni zaure. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni 'yar mace. Tun muna yara ba ya kirana sai baiwar gidansu, ni kuma ba na barin ta kwana.

"Baiwarmu," ya ce, "ana yin addu'ar bakwai za mu hura wuta. Kuma cajen ma'aikata zai dawo bakin ƙofa. Mai gadi ya ji da maza, ke ki ji da mata, don kada a ce namiji ya taɓa kayan mace."

Na ɗauka wasan taubasai ne, na ce, "To, ubangidana, da aljihunka zan fara."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yanzu ne kowa zai gwada ni ya gani. Baba tsufa ne ya kama shi ya saki ƙofa, ni ban tsufa ba. In ba za ki iya ba ki faɗa mini da wuri, akwai masu neman gurbin."

Ya san inda ya taɓa. Tun da mahaifin yarana ya rasu, da aikin gidan burodin nan nake ciyar da su, da shi suke zuwa makaranta. Na koma cikin mata na zauna, ana ta yabon mamaci a kunnena, ni kuwa ina ta juya magana ɗaya: ko in sa hannu a jakar Mama, ko in nemi wata hanyar tuwo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Masu cewa an haifi Kawu da kawar da kai sun rage masa lada. Mai cewa tsufa ne ya sa shi kuwa ya zage shi bai sani ba. Ni ina wurin, na ga yadda aka yi.

Kawun da na fara yi wa aiki, in ka ce masa ina kwana sai ya dube ka ya ga me kake nema. Dogo ne siriri, da ƙananan idanu waɗanda ba sa tsayawa a fuskar mutum, sai dai a hannunsa. Ana cewa a farkon sana'arsa wani abokin haɗin gwiwa ya yashe shi, ya bar shi da toka a tanderu, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ni dai ban yarda wannan ne kaɗai dalili ba, don mahaifiyata, ƙanwarsa, ta ce tun suna yara in an ba su gyaɗa sai ya buɗe mata baki ya ga ko ta ɓoye a kumatu.

Caje a wurinsa kamar farilla yake. Ana idar da la'asar, lokacin tashin masu aikin rana, sai ya jawo kujerarsa ta ƙarfe ya dasa a bakin ƙofa. A yi layi. Mai gadi ya juye jaka a kan tebur, ya lalube aljihu, ya buɗe kwanon abinci. Maza su cire hula, mata su kwance ɗankwali su kaɗe. Shi kuwa yana zaune yana kallo, wani lokaci ya ce mutum ya miƙo hannu ya sansana ko akwai ƙanshin bota, a gidan da ko kyanwarsa ƙanshin bota take yi. Ni ma da nake 'yar ƙanwarsa ba a taɓa ɗaga mini ƙafa ba. Karin maganarsa ɗaya ce kullum: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ranar mai kayan ba ta cika zuwa ba. Caje bai hana sata ba, ya dai koya wa mutane jifa. A ƙulla suga a leda, a wurga ta bayan katanga, a fita da jaka fayau, a zagaya a ɗauka. Abin da cajen ya hana shi ne magana. In burodi ya ƙone sai a cusa shi ƙarƙashin mai kyau, don duk wanda ya ce ya ƙone za a tambaye shi ko da gangan ya ƙona don ya tafi da shi gida. In injin kwaɓi ya fara wani irin kuka, kowa ya yi kamar kurma har sai ya tsaya da kansa. Muna aiki a rufi ɗaya kowa na gadin kowa, ka tashi da yamma wuyanka ya sage, ba don nauyin tire ba.

Abin ya faru ne wata ranar damina. Akwai wata sabuwa a cikinmu masu leda, matar aure ce 'yar Anguwan Rukuba, mai kunya, ba ta cika magana ba. Da layi ya zo kanta sai ta rungume jakarta ta ce a hankali, "Oga, abeg, yau kawai."

Wannan kalma ta isa. Na ga idon Kawu ya yi haske, a ransa biri ya yi kama da mutum. Ya ce wa mai gadi, "Juye."

Ta ce, "Oga, bari Mama ya duba a ciki."

Ya ce, "A nan."

Mai gadi ya fizge ya juye. Abin da ya zubo a kan tebur, a gaban maza masu kwaɓi da direbobi, tsummokaran al'adarta ne, waɗanda ta canja da rana ta naɗe a leda za ta kai gida ta wanke. Ledar ta kwance.

Maza suka juya baya. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta dubi Kawu ta ce, "Oga, ka gama?" Ta fita cikin yayyafi, ba ta ƙara dawowa ba. Ni na ji kunyar nan har cikin ƙashina, a ranar na tsani Kawu, kuma na faɗa wa mahaifiyata haka baki da baki.

Kwanaki suka wuce, gurbinta ba kowa. Sai wata Asabar Kawu ya shiga ɗakin gashi ya sami mai gasa mana burodi, wani dattijo mutumin wajen Vom da muke kira Baba mai wuta, ya ce ya raka shi Anguwan Rukuba. Baba ya ajiye itacen da ke hannunsa ya ce, "Oga, da wannan hula naka? Yanzu?" Lokacin shingen sojoji bai gama barin titi ba, mai babbar riga ba ya shiga can haka kawai, kamar yadda su ma ba sa shigo mana sai da dalili. Kawu ya ce da hularsa zai je.

Baba ne ya ba mu labarin daga baya. Ya ce a hanya soja ya tsayar da su, ya sa Kawu ya ɗaga hannu, ya lalube shi daga hammata har idon sawu, ya cire masa hula ya leƙa ciki, mutane na wucewa suna kallo. Kawu ya mayar da hularsa suka wuce. Sai da suka yi nisa ya tambaye shi, "Kullum haka ake muku?" Baba ya ce, "Zuwa da komawa, Oga. Naka ne kawai babu bindiga."

Da suka isa gidan, matar ta ƙi fitowa. Mijinta ya tare ƙofa, maƙwabta suka taru suna tambayar me Alhaji ya zo nema. Kawu ya tsaya a tsaye a bainar jama'a ya ce haƙuri ya zo bayarwa. Aka shiga aka fito, aka ce ta ce ta yafe, amma ƙafarta ba za ta ƙara taka gidan burodinsa ba. Ya dawo bai sha ruwan gidan ba, don ba a ba shi ba.

Ranar Litinin da la'asar muka yi layi kamar kullum, sai muka ga ba kujera a bakin ƙofa. Kawu ya fito daga ofis ya ce, "Daga yau ba caje. Kowa ya tafi gida." Ya juya ya shige.

Duk wanda ya ce mun yi murna bai san mu ba. Ba wanda ya motsa. Mama ta ce, "Uhm. Wannan kuma wane sabon wayo ne?" Wani mai kwaɓi ya ce da walakin, goro a miya. Baba mai wuta ya bi Kawu har ƙofar ofis da jakarsa a buɗe yana cewa, "Oga, abeg, a caje ni. Gobe in suga ya ɓata, wa zai ce ba ni ba ne?" Gaskiyarsa. Cajen nan da muke tsine wa shi ne shaidarmu, za ka fita an wulaƙanta ka, amma ka kwana ba a zarginka. Kawu ya amsa daga ciki, "Na ce ka tafi gida." A ranar, mutane da yawa a hannun mai gadi suka bar jakunkunansu, suka tafi hannu rabbana.

Sai aka koma neman ɗan rahoto. Ruwa ba ya tsami banza, in Oga ya daina duba jaka, to ya dasa mai duba masa. Wa za a fara zato in ba 'yar ƙanwarsa ba? In na shigo ɗakin leda sai hira ta mutu. Mama da muke cin abinci a kwano ɗaya ta koma ci ita kaɗai a bayan tire. Na yi fushi na same ta, ta ce, "Ke jininsa ne, ni me na sani?" Ni kuma, Allah na gani, ita nake zato, don na ga Kawu ya gaishe ta da fara'a, abin da bai saba ba. Haka muka yi wata da watanni, an cire caje daga ƙofa amma kowa yana yin nasa da ido.

Ni ce na gano inda yake ɓuya. Wata la'asar na koma ɗauko mayafina, na same shi a sito a kan buhun fulawa, ya ba ƙofa baya, ya matse hannayensa a tsakanin gwiwoyi, gumi a goshinsa cikin sanyin Jos. Daga nan ana jin takun masu fita.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce, "Turo ƙofar. Wancan mai jar hular, jakarsa ta fi ta jiya nauyi. Daga takunsa na ji."

"To a duba mana."

"A'a." Sannan ya ce, "Ke 'yar nan, kina tsammanin na daina zargi ne? Ban daina ba. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na dai daina yi masa aiki, shi ke nan. In na tsaya a ƙofar can sai na karya maganata, shi ya sa na ba ta baya."

Ana cewa hali zanen dutse, kuma a kan Kawu ban ƙaryata ba. Halin yana nan bai goge ba. Abin da ya koya shi ne ya zaunar da shi. Haka yake yi kullum la'asar, shekara da shekaru, a kan buhun nan.

Sai aka gwada shi da gaske. Wata safiya aka tarar an yashe bokitin bota ya koma rabi. Taubashina, wanda lokacin ya gama karatu ya dawo yana taya shi, ya shiga ofis yana huci. Rigimarsu har ɗakin leda muna ji.

"Baba, ka mayar da mu abin dariya! Kowane gidan burodi a garin nan ana caje, sai namu?"

"Da ana cajen, ba a sata?"

"Ana dai jin tsoro!"

"Na ga aikin tsoron. Shekara nawa masu shayi suna dawo mini da ƙonannen burodi saboda shi?"

"To ɓarawon fa? Ya ci bulus ke nan?"

"Ɓarawon ɗaya ne, ko biyu. Sauran me suka yi mini da zan tuɓe su?"

Kawu ya fito ya tara mu a tsakar gidan. Fuskarsa irin ta da ce. Ya ce, "An ɗebi bota. Na sani, wanda ya ɗiba ma ya san na sani. Ba zan buɗe jakar kowa ba. Ga makullin sito, ku zaɓi mai riƙewa a cikinku, in ya gaji ku canja. Kuma daga yau kowa ya ɗauki burodin yaransa in zai tashi, a fili, ba ta katanga ba." Ashe duk shekarun nan ya san zancen katanga. Makullin ya daɗe a kan tebur ba mai taɓawa, kowa na ganin tarko ne, har Baba mai wuta ya ja tsaki ya ɗauka yana cewa, "In wahala ne, ai na tsufa."

Ba a taɓa sanin wanda ya ɗebi botar ba. Bayan wani lokaci wani direba ya bar aiki ba sallama, kowa ya ce shi ne. Kawu ya ce bai sani ba, kuma ya hana a faɗa. Ni dai akwai wanda nake zato har gobe, ba kuwa direban ba ne.

Maƙwabta ma ba su bar shi ya sha ruwa ba. Wani dattijon layi ya tare shi a bakin ƙofa, ya rage murya amma ba yadda ba za mu ji ba, ya ce, "Alhaji, fita ba ita ce matsalar ba, shiga ce. Ka san abin da mutanen nan ke shigowa da shi? Abinci fa kake yi wa jama'a." Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Burodin da ka sha shayi da shi yau, hannun wa ya gasa? Shekara nawa kana ci? Ga ka nan da tumbi." Mutumin ya yi fushi ya daina saya a wurinmu, ya koma aiko jikarsa.

Sauyin a hankali ya shigo, ba ranar da zan ce ita ce. Wadda na fi tunawa ita ce ranar da Baba mai wuta ya je da ƙafarsa ya ce, "Oga, na ƙona burodi. Duka. Barci ya ɗauke ni." Muka tsaya da leda a hannu muna jiran aradu. Na ga muƙamuƙin Kawu yana motsi, na san irin tambayar da ke bakinsa. Ya haɗiye ta ya ce, "Ka ƙone hannu?" Baba ya ce a'a. Ya ce, "To a ba masu kaji. Me ya hana ka barci a gida?" Ashe matarsa ce kwance a asibiti, daga can yake zuwa aiki. Kawu ya canja masa lokaci har ta warke. Daga nan bakuna suka buɗe. Aka fara cewa inji na kuka tun bai tsaya ba, aka fara cewa yis ɗin nan ya mutu, fulawar nan da aka kawo tana da tsutsa. Aka fara zama shan shayi tare da hantsi, shi ma yakan zo ya tsuguna da kofinsa, duk da idonsa ba ya barin cokalin suga. Mama ta dawo kwanona wata rana ba tare da ta ba da haƙuri ba, ta dai ce, "Matsa."

Kada wani ya ce na mayar da shi waliyyi. Har ya koma ga Allah yana leƙa tukunyar Hajiya. Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi, ya rame har idanun nan sun ƙara ƙanƙancewa. Ya ce, "Ƙofa fa?" Na ce, "Tana nan yadda ka bar ta, Kawu." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ban yarda da ke ba, amma to." Ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ina kewarsa kamar raina zai fita.

Aka yi addu'ar bakwai. Na kai wa mahaifiyata zancen taubashina, ta ce, "Ki yi abin da aka sa ki, marayu kike riƙe da su." Na je wurin Hajiya a ɗakin takaba, ta ce, "Ni yanzu ba ni da ta cewa a ƙofar waje. Ɗana ne, amma kan ubansa na da ya ɗauko." Ba wanda ya sauke mini kayan, na koma aiki da su a kaina.

Da la'asar ta yi, taubashina ya tsaya a bakin ƙofa da tebur a gabansa ya ce a yi layi. Ba wanda ya tambayi dalili. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, yadda jiki ya tuna da wuri, har da waɗanda suka cire hula ba a ce su cire ba. Aka fara da maza. Mai gadi yana lalube yana kallon ƙasa. Da aka gama da Baba mai wuta, ya mayar da kwanonsa cikin jaka, ya ajiye makullin sito a kan tebur, ya dubi taubashina ya ce, "Ƙaramin Oga, sori fa. Allah ya ba da haƙuri."

Taubashina ya ce, "Ai kun riga kun yi mana gaisuwa, Baba."

Ya ce, "Wancan na gida ne. A nan, yau ne ya mutu."

Ya fita. Taubashina ya juyo gare ni, wannan karon ba baiwa ba wasa, ya ce, "Mata."

Mama ce a gaba. Ta ɗora jakarta a kan tebur, ta zuge zif ɗin da kanta, ta kawar da kai gefe. Jakar kuwa ta yi tudu, ta fi yadda na gan ta da safe, ko kuma idona ne ya ga haka. Ba zan yi ƙarya ba, yatsuna sun motsa. Na ji zuciyata tana cewa leƙawa kawai, ba sai kin taɓa ba. Na kai hannu, na kama zif ɗin, na ja na rufe. Na ce, "Sauka lafiya, Mama." Ta bayanta ma na rufe mata, da ta bayanta, har layin ya ƙare.

Taubashina ya ce, "In kika bar su suka fita, ki bi su."

Na ɗauki mayafina na bi su.

Yanzu a ƙofar gida nake suyar ƙosai da safe, yara suna ci, makaranta kuwa muna lallaɓawa. An ce ana nan ana caje a gidan burodin, an ce Baba mai wuta ya koma gona a Vom. Taubashina yana aiko mini da gaisuwa, ina amsawa, ina kuma tambayar kaina me yake nema. Har yau ban san abin da ke cikin jakar Mama ba, kuma har yau ina so in sani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa. Ya rufe ido ga kayan bayinka, ya Allah, alhali ransa yana son gani. Ranar da za a yi layi a gabanka, ka wuce da shi ba tare da an buɗe masa nasa ba.